Tambaya da Amsa: An daina kula da tsohuwar Koha, ina makomar laburarenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da laburaren wata makarantar kwana a ƙaramar hukumar Jahun. A 2018 aka saka mana manhajar Koha a kwamfuta guda, da ita muke rajistar littattafai da bayar da aro. A shafin bayaninta an rubuta 17.11, kwamfutar kuma tana kan Ubuntu 16.04. Wani da ya zo gyara mana firinta ya ce an daina kula da wannan sigar tuntuni. Shin wata rana za ta rufe ta ƙi buɗewa ne? Ko kuɗi ake so mu biya? Littattafai kusan dubu shida muka shigar da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba za ta rufe ba, kuma babu mai binku ko kwabo. Koha buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato an saki rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya duba, ya gyara, ya raba. A ƙasar Niyu Zilan aka fara rubuta ta a 1999, sunan ma a harshen Mawori kyauta yake nufi. Babu wani kwaɗo a cikinta da zai datse ranar da wa'adi ya cika.

Amma mai gyaran firinta gaskiya ya faɗa. Masu haɗa Koha suna fitar da sabuwar siga sau biyu a shekara, a watan Mayu da Nuwamba, lambar kuma shekara ce da wata. Taku ta 17.11 ta fito ke nan a Nuwamban 2017. Kowace siga ana bin ta da faci kusan duk wata har kimanin wata 18, daga nan a janye hannu. Ba rowa ba ce. Duk facin da aka yi wa sabuwa sai wani ya zauna ya sake yanka shi daidai da tsohuwa, ya gwada, ya tabbatar bai ɓata wani wuri ba, masu wannan aiki kuwa 'yan kaɗan ne, da yawansu sa-kai suke yi. Daga 22.11 aka fara ware siga guda duk bayan shekara biyu a riƙe ta kimanin shekara uku da rabi. Ita ake kira LTS, 24.11 ce ta biyo bayanta a wannan layi. Ga makaranta irin taku da ba ta da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, layin LTS shi ne daidai.

Shi ma Ubuntu 16.04, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar wadda Koha ke zaune a kanta, kulawarsa ta kyauta ta ƙare a Afrilun 2021. Ga gini ga harsashi duk an bar su ke nan.

Illar tana zuwa ta fuskoki biyu. Idan aka gano ɓaraka aka toshe ta a sabuwar siga, sanarwar gyaran ita kanta takan nuna wa masu kutse inda ramin yake, tsohuwar kuma tana nan da raminta a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a cikin rumbunku kuwa akwai sunayen ɗalibai, lambobin waya da tarihin abin da kowa ya ara. Ta biyun ta fi damunmu. Faifan ajiyar kwamfuta ba ya yin sallama in zai mutu. Ranar da ya tsaya, ba lallai ku iya sake girka 17.11 yadda take ba, domin kayan da ta dogara da su sun canza, wasu an kwashe su daga inda ake sauko da su. Za a tilasta muku ƙaura a rana mafi muni, ba shiri, wataƙila ba kwafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawararmu ita ce kada ku taɓa tsohuwar kwamfutar da sunan ɗaga ta. Ku bar ta tana aikinta, ku gina sabon gida a wata, ku kwashe bayanan ku kai can. Kwamfutar ƙarfe ce kawai, littattafai dubu shidan nan da kuka shigar su ne dukiyar.

Ga yadda ake yi. Za mu ɗauka sunan Koha ɗinku laburare, ku sa naku sunan a gurbinsa. In ba ku san shi ba, umarnin sudo koha-list zai nuna.

Tun yau, kafin komai, ku buga sudo koha-dump laburare. Zai ajiye fayil biyu a /var/spool/koha/laburare, ɗaya ya ƙare da sql.gz, shi ne rumbun bayanan gaba ɗaya, ɗayan ya ƙare da tar.gz, shi ke ɗauke da saituna. Koha takan yi wannan da kanta kullum, amma na kwana biyu kawai take bari, kuma a faifai guda da na asali, ga shi kwamfutar da ake kashewa da yamma sau da yawa ba ta kai lokacin da aka tsara mata yin kwafin ba. Ku duba ranar da ke jikin fayil da girmansa. In kun ga girmansa bai wuce 'yan kilobait ba, fanko ne. Ku kwafe a filashi biyu, ɗaya ya kwana a ofishin shugaban makaranta, ba a aljihun teburin da kwamfutar take ba. In koha-list bai amsa ba, alama ce an girka muku ta wata hanya daban, sai a yi amfani da mysqldump a fitar da rumbun kai tsaye.

Sai ƙidaya. Ku shiga da sudo koha-mysql laburare, ku ƙirga layukan tebur huɗu: biblio na sunayen littattafai, items na kowane kwafi da ke kan kanta, borrowers na masu aro, da issues na abin da ke hannun mutane yanzu. Umarnin shi ne select count(*) from biblio, haka sauran. Ku rubuta lambobin da biro a takarda. Da su za ku gane ko wani abu ya zube a hanya.

Kwamfuta ta biyu ba sai sabuwa fil ba. Mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 ta wadatar da laburare irin naku, 8 ta fi sakewa. Ku buga lscpu ku ga ko ta ambaci 64-bit, domin ana ta yin watsi da 32-bit. In da hali a sa mata faifan SSD, ya fi sauri, kuma babu abin da ke juyawa a cikinsa. A girka Debian 12, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Ubuntu, wanda ya fito a Yunin 2023, sannan a sa adireshin ma'ajiyar Koha a fayil ɗin koha.list. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: suna rubuta kalmar stable a layin, ita kuwa tana bin duk sigar da ta fito, sai wata rana a je ƙaramin sabuntawa a wayi gari an yi tsalle zuwa sigar da ba a shirya mata ba. Ku rubuta lambar siga ƙarara, kamar 24.11. A girka mariadb-server da koha-common, a kunna rewrite da cgi a Apache, manhajar da ke nuna shafukan Koha, sannan sudo koha-create --create-db laburare. Ku ba ta sunan tsohuwar sak, domin kwafin yakan zo da sunan rumbunsa a ciki, in sunaye suka saɓa sai bayanai su nufi inda ba a nufa ba.

Daga nan a share fankon rumbun da aka ƙirƙira a sake buɗe shi, a zuba tsohon a ciki, sannan a buga sudo koha-upgrade-schema laburare. Wannan shi ne zuciyar aikin. Koha tana duba lambar sigar da ke rubuce a rumbun, sai ta bi duk canje-canjen da aka yi wa tebura tun daga 17.11, ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta kowanne a allo. Kada a fara sai inbata ta cika ko janareta na da mai. In aka ɗauke wuta a tsakiya, rumbun zai tsaya rabi tsoho rabi sabo, ba ya komawa baya da kansa. Kada ku yi ƙoƙarin ɗinke shi, ku share ku sake zubawa daga kwafi. In kuma ya tsaya da saƙon kuskure, ku karanta layukan ƙarshe, za su ambaci teburin da ya ƙi. Galibi datti ne a tsofaffin bayanai: kwanan wata da aka bari 0000-00-00, ko lamba guda da ta maimaitu inda sabuwar siga ba ta yarda da maimaici ba, ko layin da ke nuni ga littafin da aka goge. A gyara layin, a sake bugawa.

In ya kammala, a sake kunna memcached, ma'ajiyar wucin gadi da Koha ke amfani da ita, don kada ta riƙe tsofaffin saituna, sannan sudo koha-rebuild-zebra -f -v laburare. Wanda ya manta wannan zai buɗe shafin nema ya ga babu littafi ko ɗaya, hankalinsa ya tashi, alhali suna nan lafiya, fihirisar nema ce ba a gina ba.

Yanzu ku ɗauko takardar ƙidaya ku gwada lambobi huɗun nan. Ku ɗauko littafi goma daga kantoci daban-daban ku neme su da suna da kuma lambar jikinsu. Ku bayar da aro, ku karɓa, ku buga rasit. Fuskar ma'aikata ta canza kama tun daga 22.11, don haka ku ba masu taimaka muku kwana biyu su saba. In wanda ya girka muku ya yi wa shafin masu karatu ado da launin makaranta, wataƙila adon ya karkace, gyaransa yana cikin saitin OPACUserCSS. Sai komai ya zauna, ranar Juma'a bayan an tashi ku sake ɗaukar sabon kwafi daga tsohuwar ku maimaita zubawar, domin aron da aka yi a kwanakin gwaji ya shigo. Hutun ƙarshen zango ya fi dacewa. Tsohuwar kwamfutar a kashe ta a ajiye wata uku ba tare da an goge komai ba.

Tambaya: Salamu alaikum. Laburaren al'umma muke gudanarwa a wani ƙauye na Sumaila. Kwamfutarmu ba ta taɓa hawa intanet ba, igiya ce kawai tsakaninta da wata guda ɗaya a ɗakin. Tunda ɓarawo ba shi da hanya, me zai sa mu wahalar da kanmu? Ai da tsohuwar zuma ake magani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka tana da ƙamshin gaskiya: haɗarin kutse a wajenku kaɗan ne, kuma ba za mu ce ku bar komai ku ruga ba. Sai dai zuma ba ta da fanka da ƙurar hunturu ke toshewa. Abin da zai kayar da ku zafi ne, da ƙura, da wutar da ke zuwa tana yankewa. Sannan a tabbata da gaske ba ta hawa, domin ranar da wani ya jona mata waya don sauko da wata takarda, ta hau.

In za ku zauna a kan tsohuwar, to ku cika sharuɗɗa. Kwafi duk mako a filashi, kuma sau ɗaya a shekara a gwada zuba shi a wata kwamfutar a ga ya tashi, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Ban da shi, ku shiga sashen fitar da bayanai ku sauke kundin littattafan a tsarin MARC, wato tsarin da laburare suka amince da shi na rubuta bayanan littattafai, tare da bayanan kwafe-kwafe, waɗanda Koha ke ajiyewa a filin 952. Wannan fayil kowace sigar Koha tana karanta shi, haka ma sauran manhajojin laburare. Ba ya ɗauke da masu aro ko tarihin aro, amma shi ne wahalar shekarun da kuka yi kuna shigarwa.

A kuma duba ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon cikin kwamfuta, CR2032. In ya mutu, duk sanda aka kunna agogo zai koma wata tsohuwar shekara, sai ranakun mayar da littafi da lissafin tara su rikice, a ɗora laifin a kan Koha.

Kada dai zaman ya zarce. Duk wata shida da ta wuce ana ƙara wa tsanin da za ku hau mataki guda.

Tambaya: Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a yankin Dambatta, an haɗa mini da kula da laburare. Abu biyu ke damuna a tsohuwar Koha ɗinmu. Wani lokaci yarinya za ta dawo da littafi, manhajar ta ƙi karɓa, ta ce akwai matsala a saiti. Na biyu, in aka nemi littafin da sunansa ke da ƙ ko ɗ aka rubuta da k ko d, ba ya fitowa. Sabuwar siga za ta magance su?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ta farkon sananniyar cuta ce, kuma ta fi kama wuraren da ake yawan kashe kwamfuta. Kowane aro yana da lambarsa a teburin issues. In aka dawo da littafi, layin yakan koma teburin old_issues da lambarsa. Tsofaffin MySQL da MariaDB, manhajojin da ke riƙe rumbun bayanan, ba sa tuna lambar ƙarshe da suka bayar in an kashe su. Da an kunna sai su duba mafi girman lambar da ta rage a issues su ɗora daga nan. Misali, an bayar da aro mai lamba 500, an dawo da shi, ya koma old_issues. Aka ɗauke wuta. Da aka kunna, mafi girma a issues 499 ce, sai sabon aro ya sake samun 500. Ranar da wannan yarinya ta dawo da nata, Koha za ta je ajiye 500 ta tarar da mai shi a zaune, sai ta ƙi.

Ki buɗe shafin About Koha, ki shiga System information. In cutar ce, za ki ga jerin lambobin da suka yi karo, kuma ba a aro kaɗai ba, har a masu aro da littattafan da aka goge. An kawar da tushen matsalar daga MariaDB 10.2.4 da MySQL 8.0, Debian 12 kuma da MariaDB 10.11 yake zuwa, don haka bayan ƙaura ba za ta sake haihuwa ba. Amma lambobin da suka riga suka yi karo za su bi ku sabon gida. Sai an cire ko an sauya lambar layukan da suka maimaitu a old_issues da teburan abubuwan da aka goge, bayan an ɗauki kwafi, kuma a hannun wanda ya san SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni.

Ta biyun ba ruwanta da tsufa, sabuwar ma haka za ta yi in ba a koya mata ba. Injin neman da ake kira Zebra yana da fayil a /etc/koha/zebradb/etc/word-phrase-utf.chr inda ake gaya masa haruffan da zai ɗauka a matsayin abu guda. A ƙara layuka irin map ƙ k, da map ɗ d, da map ɓ b, da map ƴ y, haka ma manyan baƙaƙensu, sannan a sake gina fihirisa da koha-rebuild-zebra. Daga nan ko ɗaliba ta rubuta kasa ko ƙasa, littafin zai fito. Wannan fayil ba ya cikin rumbun bayanai, saboda haka ba zai bi kwafinku ba. Ki ajiye nasa kwafin daban, ki kuma sake duba shi bayan kowane sabuntawa.

Tunda zancen haruffanmu ya taso, a lura da su ranar ƙaura. In bayan zubawa kika ga ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, an karanta fayil ɗin da tsarin haruffan da ba nasa ba ne, bayanan ba su lalace ba, a sake fitarwa da zubawa ana ambata utf8 a umarnin. In kuwa alamar tambaya ce ta maye gurbinsu, wannan kwafin ya riga ya zubar da su, a koma tsohuwar kwamfuta a ɗauko wani. Shi ya sa ba a goge ta da wuri.

Tambaya: A kwalejinmu da ke arewacin Jigawa muna ajiye kundayen binciken ɗalibai a manhajar DSpace 6. Shi ma wannan magana ta shafe shi?

Amsa: Ta shafe shi, Malam, har ta fi, domin shi a intanet yake zaune dare da rana. An daina kula da DSpace 5 a Janairun 2023, na 6 kuma a Yulin 2023. Tun daga DSpace 7, wanda ya fito a 2021, an raba shi gida biyu, injin baya daban, fuskar gaba daban, kuma tsofaffin fuskokin XMLUI da JSPUI an yi ban kwana da su, duk adon da kuka yi musu sai an sake shi daga farko. Solr, injin nemansa, shi ma yanzu daban ake girka shi. Abin da za ku kwashe: rumbun PostgreSQL ta hanyar pg_dump, jakar assetstore, jakar saituna, da ƙididdigar masu ziyara in kuna son ta. Rumbun da assetstore a ɗauke su lokaci guda bayan an tsayar da shigar da sabon abu. Fayilolin cikin assetstore lambobi ne zalla ba suna, rumbun ne kaɗai ya san wanne ne kundin wa. In aka rasa ɗaya, ɗayan ba shi da amfani.

Tambaya: Ni shugaban makaranta ne a yankin Rano. In za mu ɗauko wanda zai yi mana wannan ƙaura, me za mu nema a wajensa don kada mu sake komawa gidan jiya?

Amsa: Ranka ya daɗe, kuɗin da za ku biya na aikinsa ne da lokacinsa, ba na lasisi ba, Koha ba ta da kuɗin lasisi. Ku rubuta yarjejeniya, kuma kada a biya cikon kuɗi sai ya miƙa waɗannan a rubuce: lambar sigar Koha da ta Debian da ya girka da lokacin da za a daina kula da kowacce, kalmar sirrin babban mai iko da kwamfutar, da ta babban ma'aikacin laburare a cikin Koha, da jerin duk wani fayil da ya taɓa da hannu. A sa takardar a ambulan a kulle a ofishinka. Ya girka ta daga ma'ajiyar Koha ta asali, ba daga wani faifai da aka haɗa shekarun baya ba, domin irin wannan faifan yakan zo da tsohuwar siga tun ranar farko.

Ya zaunar da mai kula da laburare da wani malami guda, su ɗauki kwafi da hannunsu, su zuba shi a wata kwamfutar yana kallo, ba shi yana yi suna kallo ba. A yarjejeniyar a sa zai dawo ko ya shigo daga nesa sau ɗaya kowane zango ya saka ƙananan facin da suka fito, waɗanda ke canza lambar ƙarshe kawai, kamar daga 24.11.03 zuwa 24.11.04. Babbar ƙaura ta gaba kuma a rubuta shekararta a kasafin makaranta tun yanzu, tare da kuɗin filashi biyu da na batirin inbata.